Sharar Masana'anta: Darasi Daga Gidan Takarda Da Garin Bagega

Kowace sana'a a duniyan nan tana da irin sharar da take bari. Maƙeri yana barin toka da kashin maƙera, mai surfe tana barin dusa, mai tatsar man gyaɗa tana barin tunkuza, marini kuwa yana barin katsi a gindin rijiyar baba. Amma kakanninmu ba su yarda waɗannan abubuwa su tafi a banza ba. Dusa a ba dabbobi, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, katsi kuwa a ƙona shi a haɗa laso a shafe soro, ruwan sama ya yi ta duka bai ratsa ba. To, a cikin wannan ɗan rubutu ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan sharar masana'antu na zamani, da hanyoyin da ake bi a rage ta. Zan kawo misali daga wurare biyu waɗanda in an duba da ido sai a ce ba abin da ya haɗa su, watau masana'antun da ke yin takarda mai sheƙi da fim ɗin hoto a ƙasashen waje, da kuma garin Bagega na ƙasarmu ta Anka. Mai karatu ya biyo ni a hankali, zai ga inda hanyoyin biyu suka haɗu.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne abin nan da ake koya mana a darasin kimiyya, cewa abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. In aka shigar da kaya mai nauyin kilo 100 cikin masana'anta, aka fito da hajar sayarwa kilo 90, to lalle akwai kilo 10 da suka tafi wani wuri. Ko dai sun bi iska, ko sun bi ruwa, ko kuma suna zube a ƙasa. Waɗannan kilo 10 su ne shara. Mai masana'anta ya sayo su da kuɗinsa, ya biya dakonsu, ya ƙona mai wajen sarrafa su, sa'an nan ya zubar. Saboda haka shara hasara ce iri biyu, ga ɓarnar dukiya ga cutar da maƙwabta.

Bari mu fara da takarda. Duk wanda ya shafa bangon littafi ko kalanda ya san yana da santsi da ƙyalli, ba kamar takardar da muke rubutu a kanta ba. Dalili shi ne an yi mata shafe, kamar yadda ake yi wa bango yaɓe. Abin shafen kuwa farar ƙasa ce, irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, ko garin farin dutse mai kama da alli. Ana dama shi da ruwa da sitaci ko wani danƙo, inji ya shimfiɗa shi a kan takarda, wata doguwar wuƙa ta share abin da ya yi yawa, sa'an nan takardar ta ratsa ta cikin zafi ta bushe. Manyan injunan nan na yanzu suna iya jan takarda fiye da mita 1,000 a minti ɗaya.

Fim ɗin hoto shi ma shafe ne, ko da yake wayar hannu ta rage masa kasuwa ƙwarai. Ana ɗaukar siririyar roba mai garau, a shafa mata wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, wanda aka gauraya da gishirin azurfa. Wannan azurfa ita ce ke kama haske hoto ya fito. Haka fim ɗin da ake ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi a asibiti yake. Akwai kuma sauran danginsu, kamar salatif da ledar da ake naɗe biskit, duk shafe ake yi musu. Sau da yawa abin shafen ba ya narkewa a ruwa, sai an sa wani mai irin tinar masu fenti. In an zo busarwa sai man ya tashi ya bi iska, mai shaƙarsa ya cutu, kuma ga shi da saurin kama wuta.

To, ta yaya masu waɗannan masana'antu suke rage shararsu? Hanyoyi huɗu ne, kuma a jere suke, ta farko ta fi ta biyu, ta biyu ta fi ta uku.

Hanya ta farko ita ce kada a yi sharar tun asali. Alal misali, injin da ke jan mita 1,000 a minti, in shafensa ya karkace ba a lura ba har minti goma, an ɓata takarda mai tsawon kilomita goma ke nan. Don haka ake kafa na'urorin awo a jikin injin, suna duba kaurin shafe dare da rana, da ya kauce su gyara nan take. Kuma ana dama abin shafe daidai buƙata, don kada a yi ragowar da za a zubar.

Hanya ta biyu ita ce a sake kayan aiki, a bar mai cutarwa a ɗauki marar cutarwa. Babban misali shi ne barin man nan mai kama da tina a koma ga shafen da ake damawa da ruwa. In ruwa ya tashi wajen busarwa, tururi ne kurum.

Hanya ta uku ita ce a kama abin da ya kuɓuce a mai da shi cikin aiki. Inda man ya zama dole, sai a bi da iskar ɗakin busarwa ta cikin wani gawayi na musamman, gawayin ya shanye man, daga baya a fitar da shi a sake amfani da shi. Gefen takarda da aka datse a jiƙa shi ya koma ɓawon takarda. Azurfa kuwa ba a barin ko ƙwayarta. Kamfanin Kodak na birnin Rochester a Amurka a da ya daɗe yana cikin manyan masu sayen azurfa a duniya, kuma a lokacin yakan tattara guntayen fim ya cire azurfar da ke jikinsu. Har ruwan da aka wanke hoto da shi ana ratsa masa wutar lantarki, azurfar ta manne a jikin faifan ƙarfe a kankare ta.

Hanya ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe, ita ce abin da ya gagari hanyoyin nan uku a killace shi a wuri ɗaya, a rufe, inda ba zai kai ga ruwan sha ko hannun yaro ba.

Wani kamfani na Amurka mai suna 3M, wanda ya shahara da yin salatif da samfefa, ya ƙaddamar da wani shiri a 1975 wanda ma'anar sunansa ita ce, hana ƙazanta akwai riba. Ya ce wa ma'aikatansa duk mai dabarar da za ta hana shara tun daga bakin inji ya kawo ta, kuma masana'antu da yawa sun yi koyi da wannan shiri. Amma labarin bai ƙare nan ba. Kamfanin ya yi shekaru yana yin wasu sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda cikin amfaninsu har da shafa wa takardar naɗe abinci don kada mai ya ratsa ta. Waɗannan sinadarai ba sa ruɓewa, ba su da wari, ba a ganinsu. Sannu a hankali aka same su a cikin ruwan sha na garuruwa da yawa, har a 2023 kamfanin ya amince zai biya hukumomin ruwa na Amurka sama da dala biliyan 10.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Azurfa tana da mai saye, saboda haka ba sai an roƙi kowa ya tattara ta ba. Amma sharar da ba ta da kasuwa, kuma ido ba ya ganinta, ita ce ake mantawa da ita sai ranar da ta yi ɓarna. Irin wannan shara ce ta sami mutanen Bagega da maƙwabtansu.

Bagega gari ne a Ƙaramar Hukumar Anka ta Jihar Zamfara. Mutanensa manoma ne da makiyaya, kuma Allah ya albarkaci ƙasar yankin da zinariya. A 2001 kuɗin oza ɗaya na zinariya a kasuwar duniya bai kai dala 300 ba, amma a 2010 ya haura dala 1,200. Da jama'a suka ga haka sai aka duƙufa ga haƙa, kuma ba wanda zai ga laifin talaka don ya nemi abin rufin asiri. Aka riƙa kawo duwatsu a buhuna, a fasa da guduma, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinariyar, sa'an nan a ƙona zaibar ta tashi a bar zinariya. A gefen Bagega aka sami babban filin niƙa da wanki, kusa da tafki, ana kawo masa dutse daga wurare dabam-dabam. Wannan fili masana'anta ce sosai, sai dai ba ta da bango, ba ta da na'urar awo.

In muka auna da lissafin da muka yi a baya, za mu ga abin tsoro. Mai takarda yana sayar da galibin abin da ya shigo da shi. Mai neman zinariya kuwa, daga buhun dutse guda, abin da zai samu bai cika ƙaramin cokali ba. Sauran duka shara ce. Kuma dutsen da aka ci karo da shi a wasu ramuka yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, irin dutsen nan mai sheƙi da ake yin tozali da shi. Muddin dalma tana cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa ba ta cutar da kowa. Amma da aka niƙa ta busasshiya ta zama ƙura, sai ta sauka a tsakar gida, da kan shanya, da bakin rijiya. A ƙauyuka da yawa a cikin gida ake aikin, mata suna daka dutse a turmi ga goyo a baya, yara suna rarrafe a wurin suna sa hannu a baki.

Kafin a farga sai da agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo kome a ransa. Sa'an nan yara ƙanana suka shiga amai da ciwon ciki da jijjiga, aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, aka aika da jini aka auna, sai ga dalma. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu a wannan shekara ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Gaba ɗaya aƙalla yara 400 aka rasa. Da aka auna ƙasa, a wasu wurare an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin ita ce kashi 400. Watau in ka auni mudu goma na ƙasar wurin, kusan a ce nauyin mudu guda dalma ce.

Me ya sa yara suka fi cutuwa? Na ɗaya, su ne ke wasa da ƙasa. Na biyu, cikin yaro yana shanye dalmar da ya haɗiya har ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba zai sha. Na uku, ƙwaƙwalwarsa tana cikin girma, dalma kuwa can take nufa. Wanda ya tsira da rai ma yana iya tashi da raunin fahimta ko na gani, kuma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya komawa daidai.

Yanzu dubi wahalar da aka sha wajen kwashe sharar da ta riga ta watsu. Akwai maganin da ke jawo dalma daga jini ta fita ta fitsari, amma ba shi da amfani in yaro zai koma gidan da ke cike da ita, kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Dole sai an share gari tukuna. Daga 2010 zuwa 2011 ma'aikatan TerraGraphics da Blacksmith Institute, tare da Gwamnatin Jiha da mutanen gari, suka share ƙauyuka bakwai, watau Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Gida gida ake bi, a auna da wata na'urar hannu, a kankare ƙasar sama kimanin santimita 5, a kai ta rami a binne, a kawo sabuwa a zuba. Bagega ta fi su girma, aikinta ya fi ƙarfin kuɗin da ke hannu, sai aka bar ta tana jira, da yara wajen 1,500 masu buƙatar magani. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma kuɗin bai fito ba sai a watan Janairu na 2013, bayan ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch da matasan Follow The Money sun yi ta kiraye-kiraye. A watan Afrilu aka fara ba yaran magani, a watan Yuli aka gama sharar garin. Kusan shekara uku ke nan yara suna kwana suna tashi a cikin guba. MSF kuwa ba ta miƙa aikin ga hukumomin jiha ba sai a farkon 2022. Ƙurar da aka tayar cikin ɗan lokaci ta ci aikin shekara goma sha ɗaya da ɗoriya.

Kada a ce abin ya wuce. A 2015 irin wannan annoba ta sake aukuwa a Kawo da Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Dutsen yana nan a ƙasa, zinariya tana da tsada, talauci bai tafi ba. Saboda haka a ganina maganar a daina haƙa ba za ta yi tasiri ba. Abin da zai yi amfani shi ne a ɗauko hanyoyin nan huɗu na gidan takarda a sa su a filin niƙa.

Ta farko, kada a kawo sharar gida tun asali. Dutse da buhunsa da kayan aiki su tsaya a filin aiki, nesa da gari, kamar yadda sarakuna da hukuma suka umarta tun 2010. Ma'aikaci ya yi wanka ya sake tufa kafin ya shiga gida, don rigar aiki ma tana ɗaukar ƙurar da za ta ishi jariri. Kada a zuba hatsi a buhun dutse, kada a niƙa dawa a injin da ya niƙa dutse, kada a yi tubali da ƙasar wanki.

Ta biyu, a sake yadda ake aikin. Yadda ruwa ya maye gurbin mai a gidan shafe, haka zai kashe ƙura a wurin niƙa. A Shikira an gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa, aka auna aka ga dalmar da ke cikin iska ta ragu da wajen kashi 95 cikin 100. Ga sauƙi ga arha.

Ta uku, a kama abin da ya kuɓuce. Zaibar da ake ƙonawa a fili ita ma guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma kuɗi aka sa aka saye ta. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, wadda maƙeri ko mai walda zai iya ƙerawa. In an ƙona a cikinta, hayaƙin zaiba zai bi bututu ya huce ya ɗiga cikin ruwa, a kwashe a sake aiki da ita. Wannan daidai yake da gawayin nan mai shanye mai.

Ta huɗu, a killace abin da ya rage. A tara ƙasar wanki a rami ɗaya mai shinge, nesa da rijiya da tafki da mashayar dabbobi, in ya cika a rufe shi da ƙasa mai kyau. Har ma akwai riba a tarawar, domin zaiba ba ta kama zinariyar duka, akwai saura a cikin ƙasar wanki wadda masu manyan injuna ke iya cirewa.

Mai karatu zai lura cewa hanya ta uku ba ta da wuyar karɓuwa, domin tana mai da kuɗi aljihu. Sauran ukun su ne masu wuya, domin wanda ya bi su ba ya ganin ribarsu a hannu ran nan. Ribarsu ita ce yaron da bai yi jijjiga ba, kuma ba mai zuwa ya yi maka barka a kan ciwon da bai zo ba. Don haka ba za a bar su ga son ran kowa ba. Sai mai gari da limami da shugabannin masu haƙa sun haɗa baki sun mai da su doka, hukuma kuma ta riƙa zuwa da na'urar awo tana duba ƙasa da jinin yara a kai a kai.

Mu ɗalibai ma muna da namu rabo a cikin aikin. Da yawa daga cikinmu 'yan Anka ne da Bukkuyum da Gummi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa in an yi hutu wasunmu sukan je filin aiki neman kuɗin sabulu da na littafi. Mu ne muka karanta cewa abu ba ya ɓacewa, saboda haka mu ya kamata mu tambaya, cikin ladabi, ina wannan ƙurar take tafiya? In mun ga buhun dutse a zaure mu yi magana. In mun ga ƙanenmu zai ci abinci mu wanke masa hannu. In yaro ya yi jijjiga a garin da ake niƙa dutse, mu tuna wa iyaye su ce a auna jininsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kakanninmu da suka san inda za su kai katsi da tunkuza ba su shiga aji ba. Abin kunya ne a ce mu da muka shiga mun kasa sanin inda za mu kai ƙurar dalma.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba waɗanda suka tsira lafiya, ya sa albarka a cikin arzikin ƙasarmu, amin.